Dokta Zafi-Asara da Allurar Alƙibla

Duk wanda ya san Malam Ilu na Kabo ya san bayan hannunsa. Ba ya shiga wuri sai ya ɗora shi a kan duk abin da ke cin wuta, rediyo ne, fanka ce, injin niƙa ne. In ya ji ɗumi sai ya girgiza kai ya ce, "Zafi asara ne." Daga nan sunan Dokta Zafi-Asara ya bi shi.

Ni na fi kowa shan wahalar wannan hali, don rediyo da agogo da batir nake sayarwa a Gwarzo. Wata rana na gama ciniki da wani manomi daga Lakwaya, har ya sa hannu a aljihu, sai ga Malam Ilu. Ya taɓa rediyon ya ce, "Baba, wannan rabin batirinka shayi za ta dafa da shi."

Mutumin ya fice. Na ce, "Malam, shagona ne ko ajinka?"

Ya ce, "Kawo mai sanyi, ni zan sayar maka."

Karatun kimiyya ya yi a waje, ya dawo jami'a daidai lokacin tsuke bakin aljihu. Injin ɗakin bincikensu ya lalace, aka ce ya jira. Ya jira shekara uku, ya tattara takardunsa ya dawo Kabo yana koyarwa a sakandare. Amma bai bar abin da ke ransa ba.

Ga yadda ya yi min bayani, ni da ban wuce firamare ba. Ya ce na'ura mai ƙwaƙwalwa tana ajiye bayani ne da ƙananan maganaɗisu, wannan ya kalli gabas, wancan yamma. Kafin a juya ɗaya sai an kwarara masa wuta, wutar ta zama zafi, batir ya mutu. Shi kuma so yake ya juya shi da turin wutar kawai, ba tare da ta gudana ba, kamar ruwan da ya jingina da bangon dam. "A tura, kada a zuba," in ji shi.

Na ce, "To mu masu sayar da batir mu ci me?"

Ya ce, "Ku koma noma, Alhaji. Gero bai taɓa yin kwantai ba."

Kowace ranar kasuwa yakan zo a tsohon babur ɗinsa, wanda yake kashewa a duk gangara, ya kwashe matattun agoguna irin masu kuka. Akwai wani ɗan faifai a cikinsu mai motsi in wuta ta taɓa shi. Sai ya shafa masa ƙarfe siriri, wanda bai kai kaurin fatar albasa ba. In ya tura wuta faifan ya miƙe, ƙarfen ya miƙe tare da shi, maganaɗisun ya karkata. Ma'auninsa kuwa kamfas ɗin alƙibla ne da na kawo masa tsaraba daga Makka.

Sau nawa ya kira ni in gani! In tsaya a kansa, ya haɗa waya, allurar kamfas ko gezau. Ya ce, "Ajiye makullan nan na ƙugunka, ƙarfe ne, su ke jan ta."

Na ce, "Makullan shago uku? Ko wanka da su nake shiga."

Shekara goma sha huɗu muna haka. A raina na ɗauka uzuri ne kawai.

Damina tana ɓata masa faifan da tsatsa, shi kuma ba zai sayi akwati ba. Sai ya kai wa baduku ya ɗinke kowanne a fata, ya rataya su a wuya ƙarƙashin riga. Shekarar da aka fara Shari'a wani ya hango su a wurin alwala. Kafin Juma'a magana ta zaga Kabo: malamin kimiyya boka ne, layu goma sha biyu gare shi. Iyaye suka fara cewa ba zai ƙara koya wa 'ya'yansu ba. Aka sa rana dattawan unguwa da liman su zo su gani.

Ya aiko min, na rufe shago da hantsi na tafi. Na same shi a zaure ya farke laya ɗaya, ya jera batira.

Ya ce, "Kowa ya cire agogo da duk wani ƙarfe."

Wani dattijo ya ce, "Kun ji ko? Haka suke farawa."

Malam Ilu ya juyo ya kalle ni. Na kwance makullan nan, na fita na ajiye su a kan dakali, a bakin titi, inda kowa ke wucewa. Na dawo ina jin kamar ba wando a jikina.

Ya haɗa waya. Allura ta karkata, kaɗan, kamar mai gaisuwa da kai. Ya cire, ta koma. Liman ya karɓi wayar ya yi da hannunsa har sau bakwai.

Dattijon ya ce, "Allah gafarta Malam, ba aljani ba ne?"

Liman ya ce, "Aljanin da sai an haɗa masa batir? Ka bar mutum ya yi aikinsa." Ya juya ya ce, "Malam Ilu, amma ka canza musu riga."

A hanyar fita na ce, "Ashe da gaske kake."

Ya ce, "Da ka ajiye makullan nan tun farko, da yanzu na yi nisa." Kuma batiran da ya yi aikin da su, ni na sayar masa tun kafin a haifi autata, har ranar ba su mutu ba.

Bai ga ƙarshen abin ba. Amma 'yarsa Dokta Rabi tana can waje a kan wannan aiki, ta ce min manyan masana suna neman hanyar da ƙwaƙwalwar na'ura za ta yi aiki ba zafi. Na ce mata mu a Kabo mun gani a zaure, da kamfas ɗina.

Yanzu in waya ta yi ɗumi a aljihuna, sai in tsinci kaina na ɗora mata bayan hannu. Allah Ya jiƙan Malam Ilu. Ya tsani zafi duk rayuwarsa. Ya Allah Ka sanyaya masa makwanci.