Zakaran da Muka Kai wa Baba Port Richmond

Gari bai gama wayewa ba muka bar unguwarmu ta Parkchester, ni da ƙawata 'yar Maraɗi, da tukunya naɗe cikin tawul. Baba za mu dubo a unguwar Port Richmond, tsohon direban tasi ɗan Kumasi wanda ya sauke mu a gidansa lokacin da muka zo ƙasar nan. Tun da aka yi masa aikin hanji ya daina cin abinci, likita kuma ya ce in bai ci ba gadon asibiti zai sake karɓarsa.

Ƙawata kuku ce a gidan abincin Faransawa, ita ta ce a yi masa coq au vin, zakaran da ake dafawa da jar giya da naman alade har nama ya saki ƙashi. Ni nas ce, Kirista, na goyi baya: kaza na gina jiki, romon na shiga ba wahala, ga karas da albasa. Na ce ai wuta na kore giyar. Ta harare ni.

“Ba duka take korewa ba. Ko ta kore, Baba ne fa.”

Sai ta zuba zoɓo a madadin giya, kilishi a madadin naman alade.

A cikin jirgin ƙasa ƙamshi ya tona mana asiri, kowa sai waige yake. Jirgin ruwan da ke tsallakawa tsibirin Staten Island kyauta ne, amma iskar tekun ta sa na rungume tukunyar kamar jaririya.

Mun tarar Baba ya rame ƙwarai. Agogonsa har gwiwar hannu yake zamewa. Ya leƙa kwanon, ya ga romo jawur, ya janye hannu.

“Yarana, na ɗauki Turawa a mota shekara da shekaru. Na san abin da suke sa wa wannan.”

“Zoɓo ne, Baba. Wallahi da hannuna na jiƙa shi.”

Ya daɗe yana kallon ƙawata, sannan ya yi bismilla. Ya sha romon, ya ci ɗan naman cinya. Matarsa ta juya baya tana share ido.

Mun iso gida da la'asar. Na san amfanin kowane abu da ke cikin tukunyar nan, amma sai ranar na gane cewa abinci ba ya gina jikin da zuciya ba ta yarda da shi ba. Ina cire takalmi waya ta yi ƙara. Matarsa ce.

“Ya ce a ɗumama masa sauran.”