Kofin da Baba Adam bai zuba wa soda ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Adam mai lemu ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye a gaban mai na'ana'a ina zaɓen ɗauri mai kyau, kamar yadda shi Baban ya ce in yi. Matarsa Inna Hawwa ce ta kira. Ta ce, "Sale, Allah ya yi wa Babanka rasuwa." Na ce, "Inna, ai ga na'ana'ar a hannuna." Har yanzu ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a kan dardumarsa yana lazimi. Bai tashi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne dattijon nan ɗan Cadi mai ɗan mahal, wato shago, na lemu a unguwar Anbariyya, nan Madina, mai farar hula da ta yi masa yawa. Ni a wurinsa nake aiki. Ban yi makaranta mai nisa ba, duk abin da na iya a duniyar nan a gaban teburinsa na koya.

Ranar da na fara, na damƙi lemun tsami na matse shi da duk ƙarfina, don ya ga ni ba rago ba ne. Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Kai ɗan Damagaram, me lemun nan ya yi maka? Zaginka ya yi?"

Sai ya nuna min. A mirgina shi a kan tebur tukuna, a yanka, a matsa a hankali, a bar masa ɗan saura, don ɗacin a ƙarshe yake. Na'ana'a kuma ba a sa mata wuƙa. Tafa ta ake yi a tafin hannu, ta farka.

A makon farko yatsuna duk suka tsage, tsami na shiga yana ci kamar wuta. Ban faɗa masa ba. Washegari na tarar da 'yar kwalbar man zaitun a inda nake ajiye takalmina. Har ya koma ga Allah bai ce shi ya ajiye ba.

In zafi ya tsananta, masu sharar titi ba sa wuce mu bai kira su ba. Kuma ba ya miƙa musu kofi a tsaye. Kujera yake jawo musu.

Don Baba yana da doka ɗaya da ba ya karyawa: ba a zuba wa na tsaye soda. Haɗin zai iya jira a kofi, amma ba a buɗe kwalba sai mai sha ya zauna. Yakan ce, "Kumfar nan ba ta jiran kowa. Ka zuba, mutum yana ta waya yana kai da kawo, kafin ya juyo ta mutu. Sai ya sha ruwan tsami ya je ya ce Adam bai iya ba."

Masu gaggawa da yawa sun yi fushi sun tafi saboda wannan. Ko a jikinsa.

Ran Juma'a ba ma buɗe mahal da safe. A gidansa da ke unguwar Jurf ake taruwa da hantsi kafin a wuce masallaci. Fatur ne, wato karin kumallo, da ya makara. Waken ful da gurasar tamis, ƙosan Inna Hawwa, wani lokaci da ƙwai. Tsofaffin Cadi, mutanen Sudan, da Dakta Bashir na Kano wanda ba ya fashi sai in yana asibiti.

Lemun Juma'a daban yake da na mahal. Tun ran Alhamis Baba yake fere ɓawon lemun zaƙi da na tsami, siriri, ban da farin, ya murza su da sukari a cikin kwalba ya rufe, su kwana. Da safe sukarin ya narke ya zama kamar zuma. In an buɗe murfin, har zaure ake jin ƙamshin. Ni in matsa sabon lemu, a sa ɗan citta, na'ana'ar Madina, ƙanƙara. Soda a ƙarshe, a karkata kofin ta bi gefe a hankali. Wannan kuma ran Juma'a hannun Baba kaɗai ke yi.

Dakta ya taɓa ce masa, "Baba, a manyan otal wannan moktel suke kiransa, har da 'yar lema suke soka masa a kai."

Baba ya ce, "To je ka sha lemar."

Kuma duk mako sai Dakta ya ce, "A matsayina na likita, sukarin nan ya yi yawa." Baba ya ce, "A matsayinka na likita, kofi na uku ke nan."

Yanzu zan faɗi maganar kofin. Na nemi izinin mai shi kafin in rubuta, ya ce in rubuta.

Akwai wani kofi mai shuɗin baki, na Abdallah ne, ɗan Baba. Haifaffen nan ne, irin samarinmu da ake yi wa Hausa suna amsawa da Larabci. Da ya samu aiki a matatar mai a Yanbu, ya zo wata Juma'a ya ce a gaban mutane a rufe mahal, halas, ya isa haka, ya gaji da a ce masa ɗan mai lemu. Ni ina wurin. Na ga inda idonsa yake, a kan ƙafafun Baba da suka kumbura saboda tsayuwa. Tausayi ne ya fi yawa a maganar, amma ba haka ta fito ba.

Baba ya ce, "Lemun nan ne ya kai ka Yanbu."

Abdallah ya tashi. Kofinsa na gabansa, ba a kai ga zuba masa soda ba.

Tun daga ranar bai sake zama fatur ɗin Juma'a ba. Da Sallah yana zuwa, ya gaida mahaifiyarsa, ya sumbaci kan Baba, ya juya. Ba a yi faɗa ba, kuma ba a zauna ba.

Amma duk Juma'a sai Baba ya zuba haɗi a kofin nan, ya sa ƙanƙara, ya ajiye kusa da gwiwarsa. A ci, a sha, a yi ta gardamar ƙwallo, ƙanƙarar tana narkewa. In an tashi sai ya miƙo min ya ce, "Sale, kai wa itacen." Akwai ɗan itacen lemu a tukunya a tsakar gidan. Wata rana Dakta ya ce, "Baba, itacen nan zai kamu da ciwon sukari fa." Ran nan kaɗai na ga Baba bai mayar masa da amsa ba. Dakta bai ƙara ba.

Shekaru ana haka.

Jiya bayan la'asar muna mahal, na ga Baba yana zaɓen lemu ɗaya bayan ɗaya, yana shinshina kowanne, yana mayar da wasu. Ya fere su yana ɗan waƙe-waƙensa na mutanen Cadi. Na yi shiru, don na san shi, in ka tambaya ba zai faɗa ba. Can dai ya kasa riƙewa.

Ya ce, "Yaron nan ya kira."

Na ce, "Wane yaro, Baba?"

Ya ce, "Kai ma ka sani, ɗan banza. Ya ce gobe da hantsi yana nan, kuma zai zauna." Ya rufe kwalbar, ya riƙe ta a ƙirji kamar jariri. "Gobe kofin nan zai ga soda."

Da zan tafi ya kira ni. "Sale, ka zaɓo na'ana'a ta kirki, ba irin ta wancan makon da ta sha wahalar duniya ba. Kuma ka sa farar riga. Baƙo gare mu."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Abdallah yana kan hanya, ya baro Yanbu, wayar mahaifiyarsa ta same shi.

An yi wa Baba sallah a Masallacin Annabi bayan Juma'a, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Kullum yana cewa shi ba ya roƙon Allah gida ko mota, maƙwabtakar Annabi kaɗai yake so. Allah ya ba shi.

Da muka dawo gida, Abdallah ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa. Aka ce ya zauna, ya ƙi. Ya sha gaisuwa, bai zauna ba.

Da mutane suka ragu, Inna Hawwa ta aiko a kira ni. Ta miƙo min kwalbar ɓawon da Baba ya fere jiya ta bayan labule, da kofin. Wani tsoho ya ce yau ba ranar lemu ba ce, gahawa da dabino ake yi. Inna ta ce, "Ba na baƙi ba ne. Don mutum ɗaya haɗin nan ya kwana."

Na matsa lemu a hankali, na bar masa saura. Na tafa na'ana'ar da na sayo da safe. Na kawo kofin na ajiye a kan tabarma, kusa da inda Baba yake zama, kwalbar soda na hannuna ban buɗe ba.

Abdallah ya ga kofin. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya miƙo hannu daga inda yake tsaye ya ce, "Subb, ya Sale." Wato in zuba.

Ni ma'aikaci ne a gidan nan, shi ne mai gida yanzu. Amma na ce, "Yaya, ba a zuba wa na tsaye."



Ya cire takalminsa. Ya tako ya naɗe ƙafa a kan tabarmar, kamar yadda yake yi a da. Ya ɗago ya dube ni, ya ce da Hausa, Hausar da ban taɓa ji a bakinsa ba:

"Na zauna."

Na buɗe. Na karkata kofin, soda ta bi gefe. Ba abin da ake ji a ɗakin sai kumfar. Ya sha tun tana raye, bai ajiye ba sai da ya shanye, sannan ya rufe fuskarsa da ƙasan rigarsa. Dakta Bashir ya juya wa mutane baya yana goge tabarau.

Da ya natsu ya ce kada a rufe mahal. Ya ce Juma'a mai zuwa a taru kamar kullum, zai zo.

Za mu taru. Sai dai yanzu kofin Baba ne zan kai wa itacen.

Ya Allah, Baba Adam bai taɓa barin mai ƙishirwa a tsaye ba. Ka gafarta masa, ka sanyaya kabarinsa, ka zaunar da shi a Aljanna, ka shayar da shi daga Alkausara, shan da ba ƙishirwa bayansa. Ka ba Inna Hawwa da Abdallah haƙurin rashinsa.

Duk wanda ya taɓa shan kofi ɗaya daga hannunsa, da wanda bai taɓa ba, don Allah kada ku yi masa addu'a kuna wucewa. Ku ɗan zauna tukuna, ku karanta masa Fatiha.