Wadda Ta Yanke Mini Cibiya

Ban taɓa zaton akwai ranar da za a ce in kawo hujjar cewa an haife ni ba. Na haura shekara hamsin a Agadas, ina gyaran injin ban ruwa da injin wuta a ƴar rumfata. Masu tafiya haƙar zinariya Tchibarakaten sun san ni, masu garka sun san ni, katin zaɓe kuwa ya ishe ni yawona. Matata ta rasu ta bar mini ɗiya ɗaya, tana Yamai wajen karatun jinya. Ita ce ta kira ni wata safiya ta ce za ta shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, amma dosiyenta na takardu ba zai cika ba sai da nasiyonalite, wato takardar shaidar ɗan ƙasa. Ita kuma ba a bayar da ita sai an ga takardar haihuwar uba ko ta uwa. Uwar ba ta bar ko ɗaya ba. Saura sati uku a rufe karɓa.

"Kar ki damu," na ce mata, da muryar uban da bai san inda zai dosa ba.

Washegari na tafi biro, wato ofishin da ake ajiye tsofaffin kundayen haihuwa. Wata madam mai tabarau ta tambaye ni shekarar da aka haife ni. Na ce tsakanin kaza da kaza. Ta dube ni ta saman tabarau, ta shiga ciki, ta fito da kundi uku manya, bayansu duk ya sha ɗinki. Ta ba ni kujera ta ce in duba a hankali, kar in lashi yatsa.

Ni da na koyi karatu da gemuna a ajin manya, wuni guda na yi a kansu. Sai ga sunayen abokan wasana suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda mota ta kife da shi a hanyar Aderbissinat. Ga wanda ya yi aikin gawayi a Anou Araren, ya gama ya bi ƴaƴansa kudu. Ga maƙwabciyarmu mai kukan tsiya, wadda zazzaɓi ya ɗauke tun ba mu yi kaciya ba. Ita da ba ta shekara bakwai a duniya ba tana da layinta da lambarta. Ni da nake zaune da raina babu ni. Na san dalili. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai rubuta ko ɗayanmu ba, don ya yi imani duk yaron da sunansa ya shiga kundi sai an zo an kai shi lakwal, makarantar boko. Ya ɓoye ni da kyau, har ni ma na rasa kaina.

Madam ta ce akwai hanya. In je gaban alƙali da shaidu biyu da suka girme ni, waɗanda suka san haihuwata, a yi mini takardar da za ta tsaya a madadin ta haihuwa. Na fito ina murna, ina cewa mutum biyu ai ba wuya a garinmu.

Sai da na fara lissafa su na gane halin da nake ciki. Kawunnaina sun ƙare. Yayana ya rasu. Liman na unguwarmu ta dā ya rasu, mai unguwar ma haka. Gidan da aka haife ni an sayar, ya zama shagon bidon zuba ruwa da igiya na masu zuwa daji. Kwana biyar ina zagaya tsohon gari ina sallama a ƙofofi, baƙin fuska suna fitowa suna tambayata wa nake nema. A ranakun nan na ji kaɗaici irin wanda ban ji ba ko a makon da na binne matata, don a lokacin akwai masu zuwa gaisuwa.

Mutum ɗaya na samu: ungozomar da ta karɓi haihuwata. Na tarar da ita kan tabarma a gidan jikarta, idonta ya yi rauni. Ina yin sallama ta kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun rasuwar uwata.

"Inna, ashe ba ki mance ni ba."

"In mance ka? Ranar da aka haife ka ruwa ya kayar da katangar madafinku, da ƙafa ka fara fitowa don rashin kunya. Ni na yanke maka cibiya, ni na binne mabiyarka gindin garu, wajen randa. In alƙali yana so in kai shi in gwada mishi wurin."

Na yi dariya har sai da na share ido.

Ranar da aka sa mana, ta ɗaura zanenta na biki, ta shafa turare, na ɗauko mata mota mai ƙafa uku. Shaida na biyu wani dattijo ne da muke sahu ɗaya a masallaci. Magatakarda ya karɓe mu da mutunci, ya ce kowane shaida ya miƙo katinsa na dantite, wato katin shaida. Dattijon ya miƙa. Inna ta juyo wajena.

"Mi yake so?"

"Takardarki, Inna."

"Ni wa zai ba ni takarda? Wadda ta yanke tawa cibiyar ta daɗe a ƙasa."

Magatakarda ya ba mu haƙuri, amma ya ce ba a rubuta shaida marar kati. Na zaunar da ita kan benci a inuwa, na ce ta jira a kira ta. Dattijon ya kira wani abokinsa a tarho, ya zo da katinsa. Su biyun duk sun zo Agadas ne ina da aure. Don Allah suka yi mini, kuma na gode musu, amma ina jinsu suna cewa sun san haihuwata na kasa ɗaga kai. Da muka fito Inna tana nan inda na bar ta, ta gyara lulluɓi, tana jiran kira. Na ce mata alƙali ya ce maganarta ta isa, ba sai ta shiga ba.

Takarda ta fito saura kwana huɗu. Kafin in ba direban Yamai, na biya wajen Inna don ta sa albarka. Ta ce in karanta mata. Na karanta sunana, da na uwata, da na ubana, da shekarar da aka ƙiyasta mini.

"Ina nawa sunan?"

Na kama babban yatsanta na ɗora kan sunan mutumin da aka kira a tarho. Na ce ga shi nan. Ta daɗe tana shafa wurin.

"To, madalla," in ji ta. "Ni ma na shiga littahin gwamnati."

Ɗiyata ta ci konkur, tana aiki yanzu a wani gari mai nisa, tana kirana ran Juma'a. Inna ta rasu kafin damina ta kewayo. A wajen jana'iza wani saurayi daga jikokinta ya tambaye ni, cikin ladabi, ni wane ne a wajenta. Na duba dukan waɗanda ke tsaye a wurin, ban ga mai iya ba shi amsa ba. Na ce masa maƙwabci ne.