Mutumin da Ya Ƙi Kai Ni Filin Jirgi: Shekara Tara Bayan Alhaji Issaka

Shekara tara ke nan cif da muka binne Alhaji Issaka a nan Greensboro ta Amurka, garin da ya sha rantsuwa ba zai tsufa a cikinsa ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana kam na rasa wurin ɓuya. Wani tsohon fim da ya taɓa shiga tsakanina da shi ya sake dawowa, gutsure-gutsure a wayoyin mutane, kuma duk wanda ya turo mini gani yake alheri ya yi mini.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji Issaka mutumin zangon Kumasi ne, direban tasi, dogo, mai dariya har ta kai shi ga tari. Ya ba ni shekara goma sha biyu. Ni ɗan Funtuwa ne, amma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Bakano, wai duk wanda ya fito daga Najeriya yana taƙama da Hausa Bakano ne. Ni kuwa nakan ce masa Hausarsa ta sha ruwan teku har ta yi salam. A wancan zamanin muna da wata al'ada da babu wanda ya kafa ta. Duk wanda zai tafi gida, Alhaji Issaka ne ke kai shi filin jirgi. Zai loda akwatuna yana mita, ya zauna, ya karanta addu'ar tafiya da ƙarfi kowa ya ce amin, sannan ya tayar da mota. Ko matafiyi ya makara ba ya rage ko harafi ɗaya.

Fim ɗin mun gan shi ne shekara goma sha bakwai da suka wuce, a wajen wani suna, a ɗaya daga cikin gidajen hayar da ke kan titin da yanzu ake kira Gate City Boulevard. Bayan Azahar ne, maza muna falo muna cin shinkafa, wani ya zura faifai ya ce mu zo mu ga abin mamaki. Ba wasan kwaikwayo ba ne, abin da ya faru aka ɗauka. Wasu Kiristoci masu zafin wa'azi ne suka tara yara ƙanana, 'yan shekara shida zuwa goma, ana yi musu huɗuba da lasifika har su fashe da kuka. Ana gaya musu duniya a lalace take, su ne za su ƙwato ta. Akwai wata yarinya da haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba, tana rawar jiki, hawaye har wuya, tana neman gafarar zunuban da ban san yaushe ta samu lokacin aikata su ba.

Falo ya kaure. Wani ya ce da mu ne muka tara yara haka, da kafin La'asar an garƙame masallaci an kwashe mu. Wani kuma ya ce mu daina haushi mu faɗi gaskiya, mutanen nan sun fi mu himma, ga 'ya'yansu na kuka saboda addini, namu kuwa Fatiha ma sai an yi alkawarin alewa. Wasu dariya kawai suke yi. Alhaji Issaka kuwa ya ci gaba da tsame nama daga farantinsa.

Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, kuma ina da dalili. Lokacin muna zaune a Glenwood, ina aiki a wani sito na kujeru da gadaje, uwar gida kuma tana kula da tsofaffi. 'Yarmu Rahama tana da shekara takwas. Idan ta taso daga makaranta, wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu ce ke riƙe ta har mu dawo. Mako guda kafin sunan nan na jiyo Rahama tana wanke hannu tana rera wata waƙa mai sunan Yesu a ciki. Da na bincika, ashe duk Laraba tsohuwar na tafiya da ita cocinsu, a ci abinci, yara su yi zane. Na yi faɗa, na hana, a zatona magana ta ƙare. Amma da na ga fim ɗin nan, duk yarinyar da aka nuno sai in ga fuskar Rahama.

A wajenmu maganin yaron da ake tsoron ya kauce sananne ne, a kai shi gida. Kuma akwai yadda ake yi: ba a gaya wa yaro. Ce masa ake hutu za a je, a gaida dangi a dawo. Na kira yayata a Funtuwa ta ce in kawo ta, ɗaki na nan. Uwar Rahama ta yi kuka kwana biyu, sannan ta fara ninke kaya. Ni kuma na nemi Alhaji Issaka don mu tsayar da ranar filin jirgi. Na same shi a ƙofar shagon da muke sayen manja da garin rogo, yana zaune a mota yana jiran fasinja.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Bakano, shekara shida na yi a makarantar mishan a Kumasi. Babu waƙar cocin da ban iya ba, in kana so yanzu in rera maka. To wa ke kira muku sallah ranar da ladan bai zo ba?"

Na ce zamani ya canja, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

"Kai yaran ka kalla a fim ɗin nan," in ji shi. "Ni manyan na kalla. Tsoro ne ya cika su paa, sosai da sosai, shi ya sa suke matse yaran haka. Ga irin fuskar nan yanzu a tagar motata." Ya ƙara da cewa, "'Yarka ce, ba ni da ikon hana ka. Amma ka gaya mata gaskiya. In ka gaya mata, zan kai ku. In hutu za ka ce mata, nemi wata mota."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata mutumin da 'ya'yansa ke Kumasi a gaban uwarsu, me ya sani game da renon 'ya mace a Amurka? Na nemi wata motar. A iya sanina mu ne farkon waɗanda suka bar garin nan ba tare da addu'arsa ba, kuma tun kafin mu hau babban titi Rahama ta tambayi ina Baba Issaka. Na ce mata aiki ya yi masa yawa. Na yi mako biyu a Funtuwa. Ranar da zan dawo, yayata ta ce kada a yi sallama, zai fi sauƙi. Aka tura Rahama Islamiyya da safe tare da 'yan gidan, ni kuma na sa fasfonta a aljihun babbar riga na shiga mota zuwa Kano.

Wata biyar muka yi ba ma magana da shi. A filin Idi ya kamo hannuna ta baya ya ce, "Bakano, gaba da ni ba za ta sa ka yi tsawo ba." Shi ke nan muka shirya. Daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Da ya riƙa yi mini gori, da na samu abin musu. Tsohuwar maƙwabciyar ma takan tsaya a bakin shinge ta tambayi yaushe hutun zai ƙare, har ta gaji ta daina.

Kuma a idon jama'a na ci nasara, wannan shi ne abin da ke ɗaure mini kai. Rahama ta iya Hausa fiye da ni. Ta sauke Alƙur'ani, na je aka yi walima, na dawo da hotuna ina nuna wa kowa a masallaci. Idan na kira ta a waya, amsarta ba ta wuce "Lafiya lau, Baba" da "To, Baba." Na ɗauka tarbiyya ce ta kama ta.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke Alhaji Issaka, kwana uku kawai ya yi a asibiti. Da na kira Funtuwa in sanar da yayata, sai na jiyo wani irin ihu a tsakar gida wanda ban taɓa jin irinsa daga bakin 'yata ba. Na tambaya, me ya yi zafi haka, mutumin da ta rabu da shi tun tana 'yar takwas? Yayata ta yi mamakin tambayar. Ta ce ai tun makon da na baro ta, duk Lahadi sai ya kira, a ba Rahama waya ta shige ɗaki. Shekara takwas ana haka. Ita ta zaci ni na sa shi.

Yau Rahama tana da shekara ashirin da biyar. Ta dawo ta yi karatun jinya, ta yi aure, suna zaune a Pleasant Garden, inda gida ke nesa da gida kuma ko gishiri za ka saya sai ka tayar da mota. Ba ta wasa da sallah. Idan na ja su sallah a gidanta, da ladabi take gyara mini karatu bayan an sallame. Da fim ɗin ya sake yawo bana, maganganun da na ji a falon nan su ne dai na sake karantawa a dandalinmu na waya, kamar an adana su a firji. Har wani ya rubuta cewa kowa ya yi koyi da ni, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Wani matashi ya tare ni bayan Juma'a yana neman shawarar yadda zai kai ɗansa gida. Na ce masa ya yi istihara.

Nakan tambayi kaina me Alhaji Issaka zai ce da ya ga yau. Yanzu ba sai maƙwabciya ta ɗauki yaro zuwa ko'ina ba. Masu wa'azin kowane addini, da masu wa'azin barin addini, duk suna cikin wayar da ke hannunsa, kuma wayar nan tana Funtuwa kamar yadda take Greensboro. Ina jin dariya zai yi har ya yi tari, ya tambaye mu yanzu kuma ina za mu kai su. Har gobe ban ce tsoron da na ji ƙarya ba ne, kuma ban san abin da zai faru ba da na bar ta. Abin da na sani kawai shi ne mutumin bai nemi in fasa ba. Abu ɗaya ya roƙa, mai sauƙi, na kasa.

Watan jiya na yi ƙarfin hali na tambayi Rahama ko ta taɓa ganin fim ɗin. Ta ce an nuna musu a jami'a. Na ce me ta gani? Ta ce ta ga yara suna satar kallon fuskar manya don su gane ko sun yi kukan daidai. Sai na tambaye ta abin da Baba Issaka ke gaya mata duk Lahadin nan.

"Ba ya gaya mini komai," in ji ta. "Tambaya yake yi. Me na ci, wa ya dake ni, wa na daka. Shi kaɗai ke barina in yi kuka da Turanci."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "It's okay, Baba, na yafe tuntuni," ta tashi ta zubo mini abinci. Da sauri ta faɗa, irin yadda ake yafe wa wanda ya taka maka ƙafa a sahu. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa gaishe ni a tsaye ba. Da akwai faɗa a tsakaninmu da na san wanda zan aika ya ba ta haƙuri. Wanda zai iya shiga maganar nan shi ne ke kwance shekara tara.

To me ya rage na Alhaji Issaka? Bai bar gida a nan ba, tasinsa an sayar, kuma yanzu kowa da wayarsa yake kiran motar filin jirgi, babu mai jiran amin. Amma da Rahama ta haifi ɗa namiji shekara huɗu da suka wuce, mijinta ya bar mata zaɓin suna, jama'a duk suka ɗauka nawa za a sa. Har an fara yi mini barka da samun takwara. Liman ya raɗa Isiyaku, wato Issaka a bakin mutanen Kumasi. Muna kiransa Alhaji Ƙarami, kuma ina son yaron nan fiye da yadda zan iya faɗa a jarida. Allah ya jiƙan mai sunan, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da abin da ya yi wa 'yata ban sani ba.

Asabar ɗin da ta wuce na je gidansu, burodi ya ƙare, na ce bari in je shago. Alhaji Ƙarami ya maƙale mini wai sai ya bi Kaka. Tafiyar ba ta kai minti goma ba. Rahama tana tsakiyar girki, amma ta kashe wuta ta ce mu jira ta ɗauko mayafi. Ta ɗaura shi a kujerarsa, ta zauna kusa da shi a baya, ta kama hannunsa ta ce, "Shago za mu je, mu sayi burodi, mu dawo gida. Ni da kai da Kaka." Haka take yi duk inda za su, tana gaya masa wurin da kuma lokacin dawowa. Shekara huɗu ke nan, ban taɓa fita da jikana mu biyu ba. Na dube ta a madubi, ta yi mini murmushi ta ce, "Mu je, Baba." Na tayar da mota.