Asidar bakin titin Mai Wurno

Jiya dab da shan ruwa, dattawan Mai Wurno suka tare motarmu a titin Sennar, nan Sudan, wai kowa ya sauko buɗa baki.

Na ce wa wani tsoho, "Baba, ni Kirista ne, ban yi azumi ba."

Ya ce, "Wa ya tambaye ka, ɗana? Zamna, asida na hucewa."

Na zauna, na ci tuwon nan nasu na asida har na lashe yatsa.

Mu kuwa matasan coci, wata uku muna taro kan ƙaunar maƙwabci. Mun kafa kwamiti, mun zaɓi shugaba, mun zaɓi sakatare, mun ɗauki hoto. Maƙwabcin dai har yau ko shayinmu bai gani ba.

'Yan kwamiti, ku yi magana, ina jin ku.