Sandar Hakimi a Gonar Tamu

A Tungar Bature, can tsakanin Aliero da Maiyama, in ka ce kana neman Arzika sai a tambaye ka wanne, don masu sunan sun kai biyar. Amma in ka ce Arzika Mai Sanda, ko akuya ta san gidan. Dogo ne siriri, ba ya ƙarya, ba ya cin na kowa, kuma wallahi ba ya jin maganar kowa in ba ta Hakimi ba.

Aikinsa gado ne. Tun zamanin kakansa, in mutum biyu suka yi rigima a kan gona, Hakimi kan ba da wata baƙar sanda mai ƙarfe a gindi, a je a kafa a tsakiyar gonar. Daga ranar, masu rigimar ba sa ƙara taka ta, su da iyalansu da duk wanda za su aika, sai an yi hukunci an cire. Mai sanda kaɗai ke shiga. Shekara ashirin da huɗu Arzika yana kafawa yana cirewa, kuma taƙamarsa ke nan in ya je kasuwar Jega: ba a taɓa ƙetare sanda a hannunsa ba.

A ranin farko bayan an ba da Jihar Kebbi, wani magidanci mai suna Tamu ya yi albasa a fadama, fangali kusan tamanin, da 'yar rijiyarsa a gefe. Shekararsa ke nan kaf, don geronsa bai yi ba da damina. Albasa ta fara kai, ganye shar, sai maƙwabcinsa Rufa'i ya tashi ya ce wai gonar ta kakansa ce. Kowa ya san kyan albasar ne ya tsone masa ido. Amma ƙara ƙara ce, Hakimi ya saurara.

"Arzika, je ka kafa sanda," in ji Hakimi. "Zan tafi Birnin Kebbi gobe, kwana biyu in dawo mu zauna."

Lokacin kuwa kowane mai rawani can ya nufa, ana ta neman a san da zamansa a sabuwar jiha. Arzika ya je da hantsi, Tamu bai daɗe da gama ban ruwa ba, ƙasa laushi kamar tuwo. Ya ɗaga sanda ya caka ta da ƙarfinsa duka, ta nutse. Ya koma gindin wata aduwa kusa da rijiya ya shimfiɗa buzunsa, ya zauna gadi.

Kwana biyu suka wuce babu Hakimi. Albasa kuwa ba ta san Birnin Kebbi ba, ruwa ta sani. Ran na huɗu bakin ganyen ya fara rawaya. Tamu ya zo ya durƙusa a bakin iyaka.

"Baba Arzika, don Allah ka bar ni in ba ta ko guga goma. Ba ni ɗaukar komi, kana kallona."

"Sanda na ciki, Tamu."

"Baba, mutuwa za ta yi."

"To ni nika kashe ta? Jira Hakimi shi dawo."

Haka kullum. Tamu ya zo da safe ya roƙa, ya dawo da la'asar ya roƙa, har ya daina roƙon, sai dai ya zo ya tsuguna yana kallo. A gida Laraba, matar Arzika, ta yi magana har bakinta ya gaji. "Malam, ka ji tsoron Allah, yaron nan ɗiya huɗu gare shi." Ya ce mata sarauta ba tallar fura ba ce, ta ja bakinta. Kuma gaskiya, a kwanakin nan Arzika ji yake da kansa. Gani yake shi kaɗai ya riƙe wa garin mutuncinsa, ga tausayi yana cin sa amma bai tanƙwara ba.

Ran kwana goma sha biyu Hakimi ya sauko daga motar Jega da sabuwar alkyabba. Washegari aka zauna a zaure, fadawa cike. Shari'ar ko shan ruwa ba ta kai ba.

"Rufa'i, kai ma ka san gonag ga ta uban Tamu ce, ni na raba gadon. Tashi ka ba ni wuri." Sai Hakimi ya juya. "Arzika, albasar fa?"

"Ranka shi daɗe, ta ƙone." Har da ɗan ɗaga kai ya ƙara, "Amma ba wanda ya ƙetare sanda."

Hakimi ya dube shi ya ce:

"Su biyu na hana shiga. Kai wa ya hana ka?"

Arzika ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Kwana goma sha biyu yana zaune taku uku daga rijiya, shi kaɗai a duniya ke da ikon shiga gonar, amma ba wa albasar ruwa bai ko taɓa zuwa masa a rai ba. Tamu kuwa ina zai iya buɗe baki ya ce wa sa'an ubansa, mutumin Hakimi, ya ja masa guga? Arzika ya san wanda ya ce kwana biyu ya yi sha biyu shi ma da nasa laifin, kuma ba wanda zai faɗa masa. Amma wannan bai rage masa komai ba, kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga ido.

"Je ka cire," in ji Hakimi, ya juya ga wata magana.

Arzika ya tarar da Tamu a bakin iyaka, ko zauren bai je ba. Ya gaya masa gona tasa ce. Tamu ya durƙusa ya ce godiya yake, a gai da Hakimi. Da zagi ya yi, da ya fi wa Arzika sauƙi.

Ya shiga gonar, busasshen ganye yana ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya kama sanda ya ja. Ko motsi. Laka ta bushe ta riƙe ƙarfen gam. Ya girgiza, ya sa hannu biyu, ya dafe da gwiwa, gumi ya jiƙa masa riga, a banza. Duk manomi ya san maganin wannan, shi ma ya sani, shi ya sa ya daɗe a tsaye kansa a ƙasa.

"Tamu," ya ce, "ara mini guganka."

Tamu ya kwance gugan daga kafaɗarsa ya miƙa masa da hannu biyu. Arzika ya zura shi a rijiya, ya jawo ruwa cike, ya ratsa matattun fangali da shi, ya tsuguna ya zuba a gindin sandar Hakimi.