Gangaren Dutsen Suda Cikin Gajimare

Mun tashi da asuba daga gidanmu na Al Wukair a ƙasar Qatar, mu uku: ni, maigidana, da mahaifiyata da ke zaune tare da mu. Hutun mako guda na samu daga asibitin da nake aikin jinya, muka ce mu je duwatsun Abha da ke kudancin Saudiyya, tunda lokacin sanyi ne. Kafin hantsi mun tsallake iyaka ta Abu Samra. Daga nan sai rairayi da raƙuma da manyan motoci. Kwana biyu muka yi a hanya, muka ya da zango a wani gari da ake kira Layla. Maigida ne ya yi tuƙin gaba ɗaya, domin duk sanda na ce ya kawo in karɓe shi sai ya ce in dai kula da Umma.

Ita ɗin ce kuwa abin damuwarmu, saboda tana da hawan jini. Na cika jaka da magungunanta, na haɗa da 'yar na'urar gwada iska da ake maƙalawa a yatsa.

Abha gari ne mai tsafta da hawa da gangara. Ranar da muka isa muka sayi barguna da safar hannu, domin rigunan sanyinmu na Doha ba su tsinana komai ba. Na ga birai zaune a bakin titi, ko gezau ba sa yi in mota ta zo. Ɗaya ya fizge ledar dabinon Umma ta taga, ta bi shi da Allah ya isa, mu kuma muna ta dariya.

Washegari muka hau Suda, dutsen da ya fi kowanne tsawo a yankin. Tun muna rabin hanya gajimare ya rufe mu. Farin abu ne jiƙaƙƙe, yana ratsa bishiyoyi, yana barin raɓa a gashin ido. In ka miƙa hannu kana ganin yatsunka, amma motar da ke gabanka sai fitilarta. A can sama muka tsaya wurin wani dattijo mai sayar da zuma, ya ɗaura rawanin furanni irin na mutanen wurin. Zumarsa baƙa ce, mai ɗan ɗaci, tana da tsada amma ta cancanta. Umma ta sha shayi kofi biyu, tana yawo cikin bargonta kamar a tsakar gidanta.

Maigida ne ya zauna a kan dutse ya dafe kai. Ya ce jiri yake ji. Kafin in ƙaraso ya fara amai. Na maƙala masa na'urar, na ga iskar jikinsa ta yi ƙasa, leɓensa ya soma sauya launi. Na san ciwon, tsawon dutse ne ke kawo shi, maganinsa kuma a sauka ƙasa da wuri.

"Maigida, ba ni makulli," na ce.

"Ba ki taɓa tuƙi a dutse ba."

"Yau zan fara. Koma baya ka kwanta."

Ya kalli Umma, wai ko za ta hana. Ba ta dube shi ba, ni ta cewa, "Ke kika san aikinki. Mu tafi."

Na yi wa dattijon bayani da guntun Larabcina na asibiti. Ya ce gangaren da ke zuwa ƙauyen Rijal Alma ne zai fi saurin kai mu ƙasa, amma yana da kwana-kwana masu kaifi. Ya nuna mini in sa ƙaramar giya, kada in dawwama a kan birki don zai yi zafi ya ƙi kamawa, in kuma yi hon a kowace kwana. Sannan ya rufe randar zumarsa, ya shiga tsohuwar akori-kurarsa, ya kunna fitilun gargaɗi, ya leƙo ya ce, "Yalla!" wato mu tafi.

Na bi waɗannan fitilu biyu. Ta hagu bangon dutse, ta dama fari fat, na kuma san rami ne a ƙarƙashinsa. Umma na gefena tana hasbunallahu, in kwana ta zo sai ta katse ta ce, "Hon!" A wata kwana muka yi kaciɓis da wata babbar mota ta ci rabin hannunmu. Na tsaya cak, na matsa gefe kaɗan kaɗan har ta wuce. Ban ƙirga kwanonin ba. Kawai dai na ga farin ya fara yagewa, sai ga kwari kore shar a ƙasa, rana na haska shi.

A Rijal Alma ɗumi ake yi, har muka cire barguna. Dattijon ya ɗaga mana hannu ya juya, ko shayi ya ƙi tsayawa sha. Cikin awa guda iskar maigida ta dawo daidai. Muka zaga dogayen gidajen dutse masu tagogi kala-kala, ya cinye shinkafa da naman rago da aka gasa a rami, har da rabon Umma.

A dawowa raba tuƙin muka yi, ni na shigo da mu Qatar ana kiran la'asar. Abin da na koyo shi ne duk wanda ya shiga mota don doguwar tafiya ya kamata ya iya riƙe ta, kuma a saurari mutanen wuri, su suka san hanyarsu. Ga masu niyyar zuwa, ku kwana biyu a Abha jikinku ya saba kafin ku hau sama. Da muka tsaya a ƙofar gida, Umma ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Maigida ya ce amin, ya fita ya sauke kaya.